Bincike a kan kotunan Gacaca na Ruwanda: ta ina za a fara?

Malama, kin ce kina son rubuta kundin digiri na biyu a kan Gacaca a matsayin shari'ar da talakawa suka kafa da kansu. Tun daga nan ki yi hattara. Asalinta zaman sulhu ne na gargajiya, amma wadda ta saurari shari'o'in kisan kiyashin 1994 gwamnati ce ta kafa ta da doka a 2001, aka fara gwaji a 2002, aka rufe a 2012.

Jama'ar gari ne suka zaɓi alƙalan, ana zama a fili, babu lauya. Sai dai halarta dole ce, kuma ba a saurari zarge-zargen da ake yi wa sojojin RPF, ƙungiyar 'yan tawayen da ta karɓi mulki a 1994, ba. A ganina naman binciken yana nan: wa ya samu bakin magana, wa ya yi shiru?

Kada ki ɗebo ƙasar gaba ɗaya, shari'o'in sun kusa miliyan 2. Ɗauki yanki guda.

In za ki je hira, sai da izinin bincike daga hukumomin Ruwanda da tafinta mai jin Kinyarwanda sosai. Kada ki tambayi kowa ƙabilarsa kai tsaye. Tambayoyin da za ki yi wa waɗanda suka tsira daga kisan kuwa, malamin da ke duba aikinki da kwamitin ɗa'ar bincike su fara gani.