Na samu na'urar maimaita numfashi ta hannu da araha: in saya, ko in fara koyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Jidda, kuma shekara biyu ke nan ina nutso a Bahar Maliya da tukunyar iska irin ta kowa. Na yi nutso sau 64, mafi zurfi mita 28, ina kuma da shaidar naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin. Ɗaukar hoto ne ya fi jan hankalina, amma kumfar da nake fitarwa tana korar kifi, iskata kuma ba ta kai ni minti 50. Na ga wani yana sayar da na'urar maimaita numfashi, wadda ake kira CCR, ta hannu, a ƙasa da rabin kuɗin sabuwa. Ya ce shekara huɗu tana ajiye. In saya in nemi mai koyarwa daga baya, ko yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Malami ake fara nema kafin na'ura, domin shaidar wannan sana'a ba irin lasin tuƙi ba ce, da za ka koya da wata mota ka hau wata. Kowace na'ura da kwas ɗinta. Wanda ya koyi JJ-CCR ta Denmak ba shi da izinin shiga ruwa da Inspiration ta Ingila ko Liberty ta ƙasar Cek sai ya yi kwas ɗin sauya sheƙa. Idan ka sayi wadda babu mai koyar da ita kusa da kai, ka sayi kayan ado ne mai tsada.

Bari in fara da abin da na'urar take yi, don daga nan ne amfaninta da haɗarinta duka suka fito. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, jiki kuma ba ya ɗaukar fiye da kashi 4 zuwa 5 a kowane numfashi. Da tukunyarka ta yanzu, ragowar duk kumfa ce ka zubar. Zurfi kuma yana ninka asarar: a mita 30 matsin ruwa ya ninka na sama sau huɗu, don haka mai shan lita 20 a minti a sama zai sha 80 a can. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 ("ba" ma'aunin matsin iska ne) tana da lita 2,400, ka ga minti 30 ta ƙare ƙaf. Ita kuwa na'urar maimaita numfashi, abin da ka fitar yana bi ta tiyo ya shiga jakar numfashi, ya ratsa gwangwanin da aka cika da tsakuwar sodalaim mai tsotse iskar kabon, a ƙara masa ɗan oksijin da jiki ya ci, ya dawo bakinka. Jiki yana cin kimanin lita 1 na oksijin a minti in ana aiki matsakaici, ko a mita 5 kake ko a mita 50. Ƙaramar tukunya mai lita 3 tana ɗauke da lita 600, wato awa goma a lissafi. Akwai tukunya ta biyu ta iskar sirki, wadda ke cika jakar yayin da kake sauka ruwa yana matse ta.

Wani alherin kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: na'urar tana riƙe matsin oksijin a wuri guda, yawanci 1.2 ko 1.3 a ƙasa. A mita 30, 1.3 ɗin ya yi daidai da naitiroks 32, wato mai oksijin kashi 32 cikin ɗari, a mita 20 ya zama 43, a mita 10 ya zama 65. Tamkar kana tafe da mai haɗa maka iska ne a bayanka, yana ba ka mafi dacewa a kowane zurfi, naitirojin da ke shiga jikinka kuma ya ragu. Iskar tana da ɗumi da laima, ba ta busar da maƙogwaro. Ga shiru. Kifin da ke gudunka yau zai zo ya leƙa gilashin kyamararka. A nan ba ka yi kuskure ba, masu hoto suna cikin waɗanda suka fi morar ta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tukunyarka ta yanzu idan ta samu matsala, nan take za ka sani, domin za ka ja iska ka ji babu. Wannan kuwa za ta ci gaba da ba ka numfashi lafiya lau alhali abin da ke cikinta ba ya riƙe rai. Idan matsin oksijin ya faɗi ƙasa da 0.16 mutum yana dab da suma, kuma sau da yawa babu wata alama, sai dai a ga ya yi shiru. Wannan ya fi faruwa a sama ko a ruwa mara zurfi, inda mutum ya manta bai buɗe tukunyar oksijin ba ko bai kunna na'urar ba, ya yi iyo na 'yan mintuna ya cinye abin da ke jakar. Idan kuma ya haura 1.6 ya daɗe, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi, bakin tiyo ya suɓuce. Na uku shi ne iskar kabon, idan tsakuwar ta gaji, ko an cusa ta ba daidai ba har iska ta samu hanyar wucewa ta gefe, ko an manta zoben roba guda ɗaya. Ita tana zuwa da haki da ciwon kai da ruɗewa, kuma ruɗewar ce ke hana mutum yin abin da ya kamata. A Janairun 2005, David Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya, ya rasu a zurfin mita 270 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu yana ƙoƙarin ɗauko gawar wani mai nutso. Kyamarar da ke kansa ta naɗi numfashinsa, likitocin da suka bibiyi faifan kuma suka danganta mutuwar da taruwar kabon, saboda nauyin iska a wannan zurfi da wahalar aikin. Ƙwararre ne na gaske.

Likita Andrew Fock ya tattara mace-mace 181 na masu amfani da irin wannan na'ura tsakanin 1998 da 2010, ya wallafa nazarinsa a 2013. Ƙiyasinsa shi ne haɗarin ya kai kusan ninki goma na nutso da tukunya zalla, kuma kashi biyu cikin uku na waɗannan mace-mace sun haɗa da nutso mai haɗari ƙwarai ko ganganci. Ban kawo maka wannan don in tsorata ka ba. Na kawo ne don ka ga cewa galibi halin mai na'urar ne ke yanke hukunci. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: kai mutum ne da zai zauna minti 40 daren jajibiri yana haɗa kaya da takarda a hannu yana sa alama layi-layi, ko kuwa mai cewa "ai jiya ma lafiya ta yi"? Za ka iya fasa nutso bayan ka biya kuɗin jirgin ruwa, abokai suna jiranka, saboda ma'aunin oksijin ɗaya ya saɓa wa 'yan'uwansa? Ni kaina na taɓa zama a bakin jirgi na sa tiyo a baki, ina hira da ido da wani, sai na ga lambar oksijin tana gangarowa a allon da ke hannuna. Ban buɗe oksijin ba. Na tsallake layi ɗaya a takardar ne saboda an kira ni ana tsakiyar haɗawa. Tun daga ranar, in aka katse ni, daga farko nake komawa.

Wannan zama na minti biyar ana numfashi a na'ura kafin a shiga ruwa yana kama irin wannan kuskure, amma kada ka dogara da shi wajen kabon. An gwada a Okland ta New Zealand, aka wallafa sakamakon a 2015: cikin mutum 20 da aka ba na'urar da gwangwanin tsakuwarta ke zurara ta gefe, biyu kacal suka gane.

Sai mu dawo kan hajar da ka gani. Shekara huɗu a ajiye ba ƙaramin abu ba ne, balle in a zafin Jidda ta yi su. Ma'aunan oksijin, waɗanda yawanci uku ne, kamar batir suke, suna ƙonewa ko ana amfani da su ko ba a yi. Ana sauya su duk bayan wata 12 zuwa 18, kuma tsoho yana da muguwar ɗabi'a: a sama ya nuna daidai, a ƙasa ya kasa haura wata lamba, na'urar ta ɗauka oksijin bai isa ba ta yi ta ƙarawa. Don haka ukun nan shara ne tun yanzu. Zobban roba, tiyo, ƙananan bawul na bakin tiyo masu hana iska komawa baya, batura, gwajin matsi na tukwane, wankin oksijin na regileta (abin da ke rage matsin iskar tukunya), duk suna jiranka. Babban abin kuma shi ne kan na'urar, inda lantarkin yake. Ka nemi lambar jikinta ka tura wa kamfanin, ka tambaye su ko har yanzu suna gyara wannan samfurin, nawa ne cikakken sabis, kuma ina za a aika ta. Sau da yawa idan ka haɗa wannan da kuɗin aikawa da na kwastan, rabin kuɗin nan ya koma kashi uku cikin huɗu, ba kuma garanti. Ka duba ko tana da shaidar gwajin Turai ta EN 14143. Ta hannu ba haramun ba ce, na san masu nutso da yawa da suka fara da ita, amma malaminsu ne ya buɗe ta ya duba kafin kuɗi su fita. Saye daga hoto a intanet cinikin biri a sama ne.

Sabuwa kuwa, ka sa a ranka dala dubu 8 zuwa sama da dubu 12, kwas na farko kuma dala dubu ɗaya zuwa biyu ban da masauki da iska.

Akwai kuma ɗawainiyar yau da gobe, wadda ita ce ta sa na'urori da yawa ke kwana a kabad, mai yiwuwa har da wannan. Gwangwani ɗaya yana cin kimanin kilo 2.5 na sodalaim ya ba ka kusan awa uku bisa ƙa'idar kamfani, ka ga awa goman oksijin ɗin nan lissafin takarda ne. Jarka mai kilo 20 cikawa takwas ce. Kafin komai, zagaya shagunan nutso na garinku ka tambaya: wa ke sayar da ita, wa ke cika oksijin tsantsa zuwa ba 200, kuma wane jirgi ne zai yarda ka yi awa biyu a ruwa alhali sauran sun fito a minti 50? Amsar waɗannan uku, tare da irin na'urar da masu nutson yankinku suka fi amfani da ita, ita za ta zaɓa maka samfuri fiye da duk wani talla. Ranar da zoben roba ya tsinke a kan jirgi, maƙwabcinka mai irin taka ne zai cece ka.

Game da horo, ƙungiyoyi irin su TDI, IANTD, SSI, RAID, PADI da GUE duk suna da shi. Matakin farko kwana biyar zuwa bakwai ne, da iska zalla a matsayin sirki, iyakarsa mita 30 zuwa 40 gwargwadon kwas ɗin. Na mita 60 da na mita 100, masu amfani da iskar hiliyam, sai bayan ka tara awanni masu yawa a kan na'urar. A takarda ka cika sharaɗin shiga. Sunan ƙungiya bai kai mutumin muhimmanci ba. Tambaye shi awa nawa ya yi a kan wannan samfurin, ko da ita yake nutso ranar da ba ya koyarwa, ɗalibai nawa yake ɗauka lokaci guda, da kuma ko ya taɓa kayar da ɗalibi. In ya ce bai taɓa ba, nemi wani. Kuna da sa'a, Dahab da Sharm el-Sheikh da Hurgada na Masar suna tsallaken ruwa, kuma cibiyoyi da dama a can suna ba da hayar na'ura don kwas. Ka fara da gwajin rana ɗaya a ruwa mara zurfi, in da hali a samfuri biyu.

Ka shirya jin kunya. Dabarar da ka saba, ta ja numfashi ka ɗan tashi ka saki ka ɗan sauka, ba ta aiki a nan, domin iskar daga huhunka zuwa jaka kawai take kaiwa da komowa, girmanka a ruwa bai sauya ba. Mai nutso ɗari biyar ma yakan koma yana dukan yashi kamar ɗan koyo. Yawancin kwas ɗin kuma atisayen matsala ne: wanke jakar da iskar sirki, sarrafa oksijin da hannu, fitar da ruwan da ya shiga kafin ya jiƙa tsakuwar ya zama ruwa mai ƙona baki, da rufe bakin tiyo a koma tukunyar ko-ta-kwana da ke rataye a gefenka. Wannan tukunya ba a barinta ko a mita 10 ne, kuma dole ta isa ta kai ka sama kana haki.

Shawarata gare ka musamman: kyamara ta zauna a gida har ka yi aƙalla awa 25 zuwa 30 a kan na'urar, a ruwan da bai wuce mita 20 ba. Mai hoto idonsa na kan kifi, mai wannan na'ura kuma dole ya duba lambar oksijin kusan kowane minti. Sai duban ya zama jiki kafin ka haɗa biyun. In kuma ka lissafa ka ga ba za ka samu shiga ruwa da ita aƙalla sau biyu a wata ba, tukunya mai lita 15 da naitiroks 32, da ɗan gyaran yadda kake iyo da numfashi, za su ƙara maka mintuna masu kyau da ɗan kuɗi kaɗan. Kumfar ce kawai ba za su raba ka da ita ba.

Ka karɓi lambar jikin na'urar da shekarar ƙera ta daga mai sayarwa, ka kai wa malamin da ka zaɓa. In mai ita ya yarda a buɗe ta a gaban malamin, a ci gaba da magana. Kafin nan kuma ka tabbatar inshorar nutsonka ta ƙunshi irin wannan na'ura, ka kuma san inda ɗakin matsin iska, na jinyar masu nutso, mafi kusa da wurin nutsonku yake.