Amsa ga ƙanwar da robar magani ke faɗar mata da gaba

Wa alaikis salam ƙanwata. Sau biyu na karanta tambayarki, inda kika ce wata huɗu da fara maganin HIV amma da kin ga robar sai gabanki ya faɗi, har kin yi kwana tara ba ki sha ba. Wallahi kamar ni ce a 2017.

Muna gidan haya a Agege ta Legas lokacin, ɗakuna a jere, kowa na jin tarin kowa. Facalata ta shiga ɗakina wai neman allura, ta buɗe jakata. Ba ta ce min uffan ba. Washegari na tarar an ware min kofi, an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Jan zare fa! 'Yarta da nake goyo tun tana zanin goyo, ta zo ta kwance ta daga bayana a tsakar gida, mata na kallo. Aka yi suna a Mile 12, ina zama kan tabarma sai kowa ta tuna tana da aiki a kicin. Matar da na yi wa zaman jego kwana arba'in. An ce in yafe, na ce na yafe, amma har yau in na ga jan zare sai wuyana ya ɗaure.

Wata biyar na yi ban sha ba. Ba mantuwa ba ce, zuciyata ce ta mutu, ina ganin in ban taɓa robar ba kamar ciwon ma babu. Tarin fuka ne ya kwantar da ni, sai da aka ɗauke ni ranga-ranga.

Don Allah daren yau ki sha, gobe ki je ki faɗa wa nas gaskiyar kwana taran nan. Ba za su kore ki ba. Sha yau, bari gobe, shi ke koya wa ƙwayar cutar bijire wa magani. Ku kun ma yi sa'a, maganin da ake ba ku yanzu, TLD, ƙwaya ɗaya ce a rana. Mu efavirenz muka fara da ita, jiri da mugayen mafarkai kamar aljanu sun shiga ɗaki. In barci ke ƙi miki, tambaye su ko za ki mayar da ita safe. Ƙarar robar kuma, ni takardar jikinta nake ɓarewa in naɗe robar cikin ɗankwali, amma kada ki jefar da ɗan ƙullin da ke ciki, shi ke tsare ta daga danshin Legas.

Rubutu da tofi ki sha abinki, ni ma ina sha, amma ba a madadin magani ba. Akwai ma dokar 2014 da ta hana a wulaƙanta mu a wurin aiki ko makaranta, sai dai a aikace ban ga ta shigo tsakar gidan haya ba.

Ranar da aka nuna min sakamakon gwaji, yawan ƙwayar cutar a jinina ya sauka ƙasa da 200, aka ce ba zan shafa wa maigida ta kwanciya ba, a cikin danfo na yi ta kuka, kwandasta na tambayata ko rasuwa aka yi. In tunanin barin duniya ya taɓa zo miki, ranar ki faɗa, kada ki kwana da shi. Talatar sama zan je karɓar na wata uku. In kunyar layi ce, mu haɗu a Oshodi mu tafi tare.