Tambayoyinku Kan Ilimi: Tun Daga SS1 Ake Neman Gurbin Karatun Lauya

Tambaya daga wani mahaifi, Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum. Yarona ya ci maki 248 a JAMB, ya nemi karatun lauya a wata babbar jami'ar tarayya a nan Arewa. Da sunaye suka fito sai aka ba shi Tarihi. Ga ɗan maƙwabcina da 231 ya samu lauyan. Ni kuma na ji a rediyo an ce 150 ake nema. Shin abin sai da hanya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Makin 150 da ka ji shi ne ƙasan ƙasa da hukumar JAMB da shugabannin jami'o'i suka tsayar a 2025, ma'ana ba a ba wanda ya gaza haka gurbi a kowace jami'a. Ba shi da wata alaƙa da makin da ake shiga lauya da shi.

Abin da ke matse karatun lauya shi ne kaso. Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ta Ƙasa, wadda Makarantar Horar da Lauyoyi ke ƙarƙashinta, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta zarce kasonta tana jefa ɗalibanta cikin jiran layi bayan sun gama digiri, kuma ana iya hukunta ta. Saboda haka jami'a jera masu nema take yi daga sama zuwa ƙasa, inda kujeru suka ƙare nan makin shekarar ya tsaya. Makin da ya shigar da wani bara yana iya barin wani a waje bana.

Jerin ma ba ɗaya ba ne. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta tsantsa daga ko'ina a ƙasar, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka baro a baya a ilimin boko, Katsina tana cikinsu. Ɗan Katsina da ya nemi Zariya ko Kano yana da ƙofa fiye da ɗaya, amma a kowace ƙofa da takwarorinsa zai yi gogayya, kuma 'yan Katsina masu son lauya ba kaɗan ba ne.

Sannan ba makin JAMB kaɗai ake dubawa ba. Jami'o'i da dama suna haɗa shi da na jarrabawar tantancewa ta Post-UTME. Ga lissafin da wasu ke bi: a raba makin JAMB da 8, a raba na tantancewa da 2, a tara. Yaronka 248, ya tashi 31. In ya ci 56 cikin 100 a tantancewa, 28 ke nan, jimla 59. Ɗan maƙwabci 231 ya tashi kusan 29, in ya ci 72 ya samu 36, jimla 65. Ka ga wanda kake ganin yana baya shi ne a gaba. Ƙila kuma ba kwas ɗaya suka nema ba, domin a wasu jami'o'in digirin dokar ƙasa daban, na Shari'ar Musulunci daban, kowanne da jerinsa.

Kafin ka zargi kowa, ka sa yaron ya buɗe shafinsa na CAPS, wato manhajar JAMB ta bayar da gurbin karatu, a gabanka. Ku duba ko an ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinsa. Yara da yawa suna rajista da alamar jiran sakamako, sakamakon ya fito su manta su koma cibiyar CBT a ɗora, kuma wanda ba a ɗora nasa ba ba ya shiga lissafi ko da 300 ya ci. Ku kuma duba abin da ya ci a Adabin Turanci. Can ne aka fi faɗuwa.

Tambaya daga wata ɗaliba, Daura: Malam, na gama JSS3 kuma ni ce ta biyu a ajinmu. Malamai sun ce ajin kimiyya za a sa ni, Baba ma ya ce haka, wai ajin Ats na waɗanda ba su da ƙoƙari ne. Ni kuwa lauya nake so. Kuma makarantarmu ba ta da malamin Adabin Turanci. Me zan yi?

Amsa: 'Yata, kin yi tambayar a kan kari, domin a makon farko na SS1 ake yanke wannan hukunci, galibi ba tare da an tambayi yaro ba. Al'adar tura duk mai ƙoƙari ajin kimiyya ta hana Arewa lauyoyi masu yawa. Ki faɗa wa Baba cikin ladabi cewa a ɓangaren Ats babu kwas ɗin da ake rububi kamar lauya, kuma mai ƙoƙari ne kawai ke samunsa.

Ga abin da ake nema. A WAEC ko NECO, kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, komai kusancinsu. Cikin biyar ɗin dole akwai Turanci, kuma manyan jami'o'i na neman Adabin Turanci. Lissafi ma kada ki sake shi. Sharaɗinsa ga 'yan Ats yana sauyawa, amma mai kiredit a Lissafi ba ta da fargabar kowace jami'a. Sauran ki cika da Gwamnati ko Tarihi, Ilimin Addinin Musulunci, Tattalin Arziki, Larabci ko Hausa.

A JAMB darussa huɗu ne, tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga cikin sauran ukun, kowane darasi maki 100. Haɗin da ba ya ba da kunya shi ne Turanci, Adabin Turanci, Gwamnati, sai Ilimin Addinin Musulunci. Mai sha'awar digirin Shari'a, ko haɗaɗɗen digirin dokar ƙasa da ta Musulunci irin na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ta tabbata akwai Addini ko Larabci a ciki. Wasu na ɗaukar Hausa suna zaton banza ce ta faɗi. Takardar Hausa tana da nahawu da ƙa'idojin rubutu da littattafan da aka ƙayyade, kuma Hausar Daura ta gida ba ta isa ta ci miki ita ba.

Batun rashin malami shi ne babba. Adabin Turanci ba darasin da ake haddacewa a wata uku ba ne. A WAEC akwai takardar zaɓi-ɗaya, akwai ta ƙagaggun labarai, akwai ta wasan kwaikwayo da waƙe, har da wasan Shakespeare da Turancinsa na dauri, har da nassin da ba ki taɓa gani ba a yi miki tambayoyi a kansa nan take. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne sayen 'yar takardar taƙaitawa a bakin kasuwa a bar ainihin littafin. Mai duba jarrabawa hujja yake nema daga cikin labarin: wa ya ce me, a ina, me ya jawo. Mai taƙaitawa sai ta cika shafi biyu tana maimaita labari, ta tashi da D7.

Idan makarantar ba za ta yi miki rajistar darasin ba, hanya biyu ce. Ko Baba ya sauya miki makaranta tun yanzu kafin zango ya yi nisa, ko ki nemi malamin da zai riƙa ɗaukar ki sau biyu a mako, ki rubuta darasin a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Ta farko ta fi, saboda akwai jami'o'in da ba sa karɓar haɗin sakamako biyu, Jami'ar Legas na cikinsu. Ki sayi littattafan da ke cikin manhajar shekarar da za ki rubuta, don ana sauya su. Ki karanta kowanne aƙalla sau biyu da ƙamus a gefe, kuma duk mako ki rubuta amsar tambaya ɗaya mai shafi ɗaya da rabi a gyara miki da jan biro.

Tambaya daga wani matashi, Funtuwa: Sau biyu ina JAMB ban kai ba. Akwai wata hanya?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, shiga kai tsaye zuwa aji biyu, inda karatun ke zama shekara 4 maimakon 5. Ga IJMB, wato karatun gaba da sakandare da ke kai ɗalibi aji biyu, a ƙofar gidanku, a makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa: darussa uku, kuma ga mai son lauya Adabin Turanci da Gwamnati da Addini ne suka fi dacewa. Akwai kuma difloma a fannin shari'a, irin wadda ake yi a Kwalejin Yusufu Bala Usman ta Daura. Sai dai guraben wannan hanya sun fi na JAMB ƙaranci, mai sakamako tsaka-tsaki wani kwas ake tura shi. Kuma ba ta yafe kiredit ɗin sakandare: in Adabinka D7 ne, ka gyara shi a shekarar da kake can. Kada ka raina Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Tana da tsangayar shari'a, kai ɗan jiha ne, kuma wanda ya fito daga can da na harabar Kongo ta ABU a Zariya benci ɗaya suke zama a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda ko ta Bwari, jarrabawa ɗaya suke rubutawa.

Tambaya daga wata uwa, GRA, Katsina: 'Yata tana da A da B zalla a WAEC. Za ta iya samun lauya a Oxford ko Cambridge?

Amsa: Ranki ya daɗe Hajiya, da WAEC kaɗai ba za su ɗauke ta ba. Sai ta yi A-Level, wato karatun gaba da sakandare na tsarin Birtaniya, na shekara biyu ko makamancinsa: Oxford na neman AAA, Cambridge A*AA. Ba su wajabta wani darasi ba, amma darussan rubutu mai tsawo kamar Tarihi da Adabi suna shirya ɗaliba. Ana rufe karɓar takardu ta UCAS, hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, ranar 15 ga Oktoba, kusan shekara guda kafin fara karatu. Akwai jarrabawar LNAT, tambayoyi 42 kan fahimtar nassi da kuma insha'i na minti 40, sannan a zauna da ita a yi mata tambayoyi baki da baki. Mafi yawan masu nema sakamakonsu ya kai, amma ba sa samu, don haka ta yi amfani da sauran zaɓinta huɗu a UCAS da hankali. Digirin shekara 3 ne, kuma in ta dawo ba za ta tsaya gaban alƙali a Katsina ba sai ta yi kwas ɗin share fage na masu digirin waje a Makarantar Horar da Lauyoyi, inda za ta koyi dokokin Nijeriya, sannan ta shiga shekarar ƙarshe tare da kowa.