Ga ƙanenmu da ke son zurfafa karatun Littafi Mai Tsarki

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya: kana son ka karanta Littafi Mai Tsarki har digiri na uku, amma wasu dattawan ikilisiyarku a nan Katsina sun ce boko mai yawa yana sanyaya ruhu, ka tsaya kan aikin fasto kawai. Ni ma an faɗa mini haka sa'ad da zan tafi TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru. Ban ga laifinsu ba, don sun ga waɗanda suka tafi karatu suka dawo suna wa'azin da ko matansu ba sa ganewa.

Amma ka tambaye su, Littafin da ke hannunsu da Hausa daga ina ya fito? Sai da su Dokta Miller, wani Bature ɗan mishan, da Hausawan da suka yi aiki tare da shi suka shafe shekaru kafin ya fito cikakke a 1932, wasu kuma suka sake zama aka sami fassarar 1979. Wannan ma hidima ce.

Aikin dai ba na mai gaggawa ba ne. Za ka koyi Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama kamar ajami, da Helenanci na Sabon Alkawari, har da ɗan Aramiyancin da ke cikin Daniyel da Ezra. Na sha kwana da fitilar ƙwai ina haddar kalmomi a ƙananan takardu, gari ya waye rabi sun gudu.

Ranar da na san wahalar ba ta tafi banza ba, a wani ƙauye ne wajen Malumfashi. Muna nazarin Zabura 136 da zumuntar mata a gindin darbejiya. Na ce musu kalmar Ibrananci "hesed" da ke maimaituwa a dukan ayoyi 26 ta fi ƙauna kawai, akwai jinƙai a ciki, akwai riƙon alkawari. Wata gwauruwa, Mama muke ce mata, ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa ta ce, "Malam, ai amana kake nufi." Wallahi shekara uku ina neman kalmar nan a littattafan Turawa. Tun ranar ba na kammala wani nazari sai na gwada shi a gaban irin su Mama.

Batun kuɗi kuwa, kada in ruɗe ka, albashin malamin makarantar Littafi ba ya riƙe gida. Har yau ina noman gero da wake. Ka zauna da matarka ku yi wannan magana tun kafin ka cika fom.

Shawarata, kada ka bar ikilisiya don karatu. Ka riƙe ajin Lahadi ko da na yara ne, ka fara da JETS, makarantar tauhidi ta ikilisiyar ECWA a Jos, ko TCNN, ka ga yadda shekarar farko ta Helenanci za ta yi da kai. In ka shigo gari ka neme ni bayan sujada, ina da tsohon littafin nahawun da zan ba ka aro.