Tambayi Likita: Ciwon Ƙananan Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa da Shanyewar Ɓarin Jiki

Tambaya daga Mabera: Likita, mahaifina ɗan shekara 68 ya tashi da asuba hannunsa da ƙafarsa na dama sun yi nauyi, amma maganarsa ba ta canja ba. Bayan hoton ƙwaƙwalwa aka ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka lalace. Me hakan yake nufi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malam. Daga manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa akwai wasu sirara da ke nutsawa can ciki, waɗanda kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, kuma kowacce tana shayar da yankinta ita kaɗai, kamar yadda magudana guda ke shayar da fangali guda a fadama. Idan hawan jini ya shekara da shekaru yana dukansu, bangonsu yakan yi kauri ya taurare, hanyar ta ƙuntace, har wata rana ɗaya ta toshe. Wurin da ya mutu ƙarami ne, yawanci bai wuce milimita 15 ba, sai dai yakan faɗa a kan hanyar da saƙon motsi ke bi zuwa gaɓoɓi, shi ya sa ɓari guda ya yi rauni alhali hankali da magana suna nan daram.

Wani likita ɗan Kanada, Miller Fisher, shi ne ya yi cikakken bayanin ƙananan ramukan da irin wannan toshewa ke bari a ƙwaƙwalwa a 1965. A yau an san cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shanyewar jiki ta toshewar jijiya daga wannan ciwo take. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin shanyewar jiki a yankinmu a kan hawan jini. Saboda haka maganar shafar aljanu da akan yi wa irin wannan lalura ba abin da take jawowa sai ɓata lokacin da ya kamata a yi amfani da shi a asibiti.

Tambaya daga Arkilla: Mahaifiyata ba ta taɓa samun shanyewar jiki ba, amma ta fara mantuwa, tana jan ƙafa, fitsari kuma yana ƙwace mata. 'Yan'uwa sun ce tsufa ne.

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa akwai tsufa, amma haɗuwar alamomin nan uku ta isa a kai Inna a duba ta. Wannan ciwo yakan daɗe yana ɓarna a ɓoye, ƙananan jijiyoyi suna toshewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da mutum ya faɗi ba, kuma na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI ce ta fi nuna shi, a matsayin fararen tabo da ɗigo-ɗigon tsohon jini, waɗanda hoton CT yakan tsallake da yawa daga cikinsu. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa masu tabon da yawa haɗarin shanyewar jiki a gare su ya ninka kusan sau uku, na gushewar tunani kuma kusan sau biyu. Tabon da ya riga ya zauna ba kasafai yake gogewa ba, amma binciken SPRINT MIND na Amurka ya nuna a 2019 cewa sauke hawan jini sosai yana rage saurin yaɗuwarsa. A auna jininta da suganta tukuna, domin su ne mafi sauƙi, kuma akwai wasu cututtukan da kan zo da irin waɗannan alamomi.

Tambaya daga Wamakko: Shin in riƙa shan asfirin kullum don rigakafi?

Amsa: A'a, sai da umarnin likita, kuma a nan nake so masu karatu su natsu. Jijiyar da ta yi rauni har take iya toshewa, ita ce dai kuma take iya fashewa ta zubar da jini cikin ƙwaƙwalwa, kuma a binciken SIREN kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda jikinsu ya shanye jini ne ya zuba masa. Asfirin yana tsinka jini, don haka ba wa wanda jikinsa ya shanye kafin a yi hoto ganganci ne. Ko ga waɗanda aka tabbatar toshewa ce, binciken SPS3 na mutum 3,020 ya nuna a 2012 cewa haɗa asfirin da clopidogrel, wani maganin tsinka jini, na tsawon shekaru bai rage maimaituwar ciwon ba, sai ma ya ƙara zubar jini da mace-mace.

Abin da ya fi muku amfani shi ne shan maganin hawan jini ba fashi, ko da kun ji garau, da barin taba, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Ku tuna dunƙulen ɗanɗanon miya da yajin tsire duk gishiri ne a cikinsu. Zogale da rama da alayyafo kuwa, SIREN ya samu masu cin ganye kullum sun fi tsira.

Tambaya daga Bodinga: Ana gadonsa?

Amsa: Akwai nau'in da ake gado, mai suna CADASIL, wanda aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa shi a 1996, amma ba shi da yawa. Akan zarge shi idan ciwon yana kama 'yan gida ɗaya tun suna 'yan shekara 40 zuwa 50, musamman tare da ciwon ɓarin kai kuma ba hawan jini. A gidajenmu abin da aka fi gada shi ne hawan jinin kansa, saboda haka duk wanda iyayensa suka yi fama da shi ya fara awo tun yana matashi.