Takardar yafe kuɗin kotu a Amurka rantsuwa ce

Ƙanena, saƙonka daga Garwa ya iso. Wai an ce maka in ka zo karatu Amurka har rigima ta kai ka kotu, sai ka ce kai talaka ne a yafe maka kuɗi. Wanda ya gaya maka ya ɓoye rabin da ke kai mutum kurkuku.

Yafewar tana nan. Shigar da ƙara a kotun tarayya dala 405 ne, sama da sefa 200,000. Wanda ba shi da hali yana cike fom mai lamba AO 240, ko AO 239 mai tsawo. Kotunan jihohi, inda rikicin haya yake zuwa, kowace da nata fom.

Za a tambaye ka duk abin da ya shigo hannunka cikin wata 12, har kyauta da gado, da kuɗin da ke banki, mota, gida ko fili, bashi, da waɗanda kake ciyarwa. A nan 'yan'uwanmu ke zamewa. Mutum ya ga filin gadonsa yana Marwa, shanunsa suna Adamawa, sai ya ce ai ba a Amurka suke ba, ya rubuta babu. Fom ɗin bai ware na gida da na waje ba. Kuɗin da kawu ke turowa ta Western Union ma shigowa ne, a rubuta shi.

Sa hannun da ke ƙasa rantsuwa ce, ko da ba a ɗora maka Alƙur'ani ba. Sashe na 1915 na dokar kotunan tarayya ya wajabta wa alƙali ya kori ƙara duk lokacin da ya gano iƙirarin talaucin ƙarya ne, ko da gaskiya tana wajenka a ainihin shari'ar. Wani alƙalin ma yakan hana a sake shigar da ita. Rantsuwar ƙarya kuwa laifi ce mai ɗaurin da ya kai shekara 5. Lauyan abokin shari'arka ya fi kowa iya tono wannan: ya nemi bayanan bankinka, ya jera su da fom ɗinka, in sun saɓa ya kai gaban alƙali.

Ɗalibi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Kafin makaranta ta ba ka I-20, wato takardar shaidar ta karɓe ka da ake neman bizar karatu da ita, kafin ofishin jakadanci a Yawunde ya ba ka biza, sai ka nuna kuɗin shekara guda da mai ɗaukar nauyinka. In ka dawo ka rantse a kotu ba ka da kowa, dole a tambayi wacce ce ƙaryar, wannan ko ta neman biza. Ƙarya da gangan wajen neman biza tana iya rufe maka ƙasar har abada.

Abin takaici shi ne sau da yawa gaskiya ta isa. Tun 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba sai mutum ya tsiyace ƙaf ba, ya isa a ce biyan kuɗin zai hana shi ciyar da kansa da iyalinsa. Saboda haka rubuta filin da ƙimarsa, ka bayyana cewa gado ne da ba a raba ba, ka haɗa da takardar banki da ta haya. In ka samu aiki shari'a tana tafiya, sanar da kotu a rubuce.