Amsa ta murya: me ya sa jariri ke son ciro abin da ke cikin hoto?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya. Yaya, na saurari saƙonki, na ga amsar za ta yi yawa a rubuce, shi ya sa na ɗauki murya. Kin ce yaronki ɗan wata tara idan an nuna masa hoto a littafi ko a waya sai ya kai hannu yana ƙoƙarin tsinko abin, har kina tsoron ko idonsa ne. Malam kuma ya ƙara da tambayar ko hoto da ainihin abu duk ɗaya ne a wajen ƙwaƙwalwa. Bari in haɗa su.

Da farko ki kwantar da hankalinki. Wannan abin da yake yi alama ce cewa yana gani sosai, har ya gane abin da ke cikin hoton. Abin da za ki kai shi asibiti a kai daban ne: idan ba ya bin fuskarki da ido, ko ido ɗaya na karkacewa kullum, ko kin ga fari a tsakiyar baƙin idon. Wannan kada ki jinkirta. Amma tsinkar hoto, a'a.

An ma yi bincike a kansa. Wata masaniya a Amurka, Judy DeLoache, da abokan aikinta sun wallafa shi a 1998. Sun bai wa jarirai 'yan wata tara littafi mai hotunan kaya masu launi, sai yaran suka riƙa shafawa, suna karta, wasu na neman ɗagowa. Sun gwada da jariran ƙabilar Beng a Kwaddibuwa, waɗanda ba su saba da hotuna ba, su ma haka suka yi. Amma 'yan wata 19 sun daina, sai dai su nuna da yatsa su yi gwalantu. Kuma abin da na fi so a ciki, idan aka ajiye wa jaririn ainihin abin kusa da hotonsa, ainihin abin yake zaɓa. Wato ya san akwai bambanci, abin da bai sani ba shi ne mene ne hoton, me ake yi da shi. Shi ya sa yake tambaya da hannu.

To Malam, tambayarka. Ba ɗaya ba ne, kuma dalilin yana da daɗin ji, ku ɗan ba ni hankalinku a nan. Saƙon da ido ya ɗauko wajen ƙeya yake fara sauka. Daga nan sai ya rabu hanya biyu. Ɗaya ta gangara gefen kai, wajen kunne, ita ce ke ce maka wannan kofi ne, wannan fuskar wane ce. Ɗayar ta haura sama wajen tsakar ka, ita ba ruwanta da suna, aikinta ta gaya wa hannu nisan abin, faɗinsa, da ta inda za a kama shi. Wasu masana ƙwaƙwalwa biyu, Melvyn Goodale da David Milner, ne suka fito da wannan bayani a 1992.

Wata mara lafiya ce ta buɗe musu ido, wadda a rubuce ake kiranta D.F. kawai. A 1988 ta shaƙi iskar guba mara wari, kabon monoksayid, ta lalata mata hanyar ƙasan nan ta gane siffa. Sai aka kawo mata wani faifai mai tsaga a jiki, irin bakin akwatin saka wasiƙa, ana juya tsagar yadda aka so. A tambaye ta, tsagar nan a tsaye take ko a kwance? Ba ta iya faɗa. Amma a miƙa mata kati a ce ta zura, sai ka ga hannunta ya juya daidai tun kafin ya isa, ta zura shi. Allah mai iko! Hannu ya san abin da ita kanta ba ta san ta gani ba. Akwai kuma masu akasin haka, waɗanda suka samu rauni a hanyar sama: za su kwatanta maka abu tsaf, amma su kai hannu su kuskure.

Yanzu ku lura da inda hoto ya shigo. Hanyar suna hoto ya ishe ta, ko zane ne da biro za ta ce maka kofi ne. Hanyar hannu kuwa tana neman abubuwan da hoto ba shi da su. Idanunmu biyu akwai tazarar kusan santimita 6 tsakaninsu, kowanne da ɗan kusurwar da yake hango abu, daga wannan bambancin ƙwaƙwalwa ke auna zurfi. A hoto duka idanun abu guda suke gani, shimfiɗe. Idan ka motsa kai, abin da ke kusa yana gocewa fiye da na nesa, a hoto babu wannan. Sannan girma: giwa da ƙuda a fuskar waya duk za su iya zama tsawon yatsa. Ku gwada yanzu, ku kai hannu kan wani abu da ke kusa da ku, za ku ga yatsunku sun buɗe gwargwadon girmansa tun a hanya, ba tare da kun yi lissafi ba. Ita D.F. ɗin, idan aka nuna mata abu aka ɗauke, aka ce ta kwaikwayi ɗauka bayan daƙiƙa 2, wannan daidaiton yatsun sai ya ɓace. Dole abin ya kasance a gabanta, a lokacin.

Kuma abin bai tsaya a hannu ba, yana taɓa tunawa da sha'awa. Jacqueline Snow ta Jami'ar Nevada ta nuna a 2014 cewa mutane sun fi tuna kayan da aka nuna musu a zahiri a kan hotunan kayan. A 2010 wasu masu bincike a jami'ar Caltech da ke Amurka sun sa mutane su faɗi nawa za su iya biya a kan kayan ƙwalam. Da aka ajiye musu ainihin kayan a gaba, abin da suka yarda su biya ya ƙaru da kashi 40 zuwa 61 cikin 100 a kan lokacin da suka ga hoto ko suna kawai. Sai aka sa kayan a bayan gilashi, ana gani amma hannu ba ya kaiwa, ƙarin ya tafi. Ni wannan gilashin ne ya fi tsaya mini a rai. Abu na gaske ne, idonka na kallonsa, amma da ƙwaƙwalwa ta san ba za ka iya taɓawa ba, sai ta mayar da shi sahun hoto.

Gaskiya dai masana na jayayya kan ko hanyoyin nan biyu sun rabu sosai, don akwai jijiyoyi da yawa da ke haɗa su, suna musayar saƙo. Amma cewa jiki na amsa ainihin abu daban da hotonsa, wannan an sha ganinsa.

Shi ya sa, Yaya, ni ba na goyon bayan a bar wa waya aikin koyar da jariri. Wata masaniya, Patricia Kuhl, ta gwada a 2003: jarirai 'yan wata tara a Amurka, zama 12 ana yi musu Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna da su ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda suka kalli mutanen nan a bidiyo ba su nuna sun koya ba. Littafin hoto kuwa ki ci gaba da nuna masa, yana da amfani, amma idan kin nuna masa hoton cokali ko ƙwallo, ki ɗauko na gasken ki sa masa a hannu, ki faɗi sunan, ya juya shi, ya ji nauyinsa, ya yar ya sake ɗauka. Ki dai kula kada ya zama ƙaramin abin da zai iya haɗiyewa, don a watanninsa duk abin da ya shiga hannu baki yake nufa.